Gazuwal daga gansakuka: kafin a turo kuɗi, a yi lissafin ruwa



Kwanakin nan wani ɗan bidiyo yana ta yawo a wayoyin mutane. An nuna wasu dogayen kududdufai cike da koren ruwa, inji yana kaɗa shi, can daga ƙarshe wani mai farar riga ya ɗaga kwalba ya ce wannan gazuwal ne, daga gansakuka aka same shi. Masu saurare da dama sun turo mana shi suna tambaya ko gaskiya ne. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne saƙon murya na wani ɗan uwa da ke ci-rani a Abijan. Ya ce an yi masa tayin ya zuba jika 500 cikin wani shiri irin wannan, an kuma ce masa in gonar mahaifinsa tana kusa da tabki za a iya ɗaukarta haya na shekaru. Ya ce: «Ku da kuke gida, don Allah ku bincika mana, kada mu yi cinikin biri a sama.»

To, mun bincika. Amsar a taƙaice ita ce: e, ana samun mai daga gansakuka, kuma man yana tada inji. Wannan ba ƙarya ba ne. Amma an share shekaru sama da 40 ana neman yadda litarsa za ta zo daidai da kuɗin gazuwal na gidan mai, kuma har yau ba wanda ya kai. Bari mu bi maganar daki-daki, don kowa ya yi lissafinsa da kansa.

Gansakukar da muka sani ita ce wadda ke rufe tabki in ruwa ya daɗe a tsaye, ko wadda ke manne wa gindin randa. Wadda masana ke nufi danginta ce, sai dai ƙanana ne ƙwarai, ƙwaya ɗai-ɗai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In sun taru da yawa ne ruwa ke komawa kore. Ba su da saiwa, ba su da ganye. Abincinsu hasken rana, da iskar nan da hayaƙi ke fitarwa wadda ake kira karbon, da ɗan taki. In sun ji daɗin wuri, yawansu yana iya ninkawa cikin kwana guda. Wasu irin daga cikinsu suna tara mai a jikinsu, daga kashi 20 har zuwa kashi 50 cikin 100 na nauyinsu in an busar.

Man da aka tatso ba a zuba shi a inji haka nan, ya yi kauri. Ana haɗa shi da wani ruwan sinadari mai suna metanol, kamar mudu ɗaya cikin mudu goma na mai, a sa ɗan soda, irin wadda mata ke yin sabulu da ita. In ya kwanta sai ya rabu biyu. Na ƙasa gilisarin ne, na sama kuwa shi ne gazuwal ɗin tsirrai, wanda ake kira biyodizal. Haka ake yi da man kwakwa, da man waken suya, har da tsohon man suya na masu ƙosai. Wannan ɓangaren ba shi da wuya, an daɗe da sanin sa. Mutanen Maraɗi ma suna da ɗan rabo a tarihin: a baje kolin birnin Paris na 1900, an tada injin dizal da man gyaɗa zalla, kuma gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don tana hangen gyaɗar ƙasashen Afirka da ta mallaka.

Me ya sa aka bar gyaɗa aka koma wa gansakuka? Dalili na farko, gyaɗa abinci ce, in ka zuba ta a inji ka cire ta daga tukunya. Na biyu kuma alƙaluma ne. A 2007 wani malamin jami'a a ƙasar New Zealand, Yusuf Chisti, ya buga wani lissafi da ya zagaya duniya. Ya ce eka ɗaya, wato hekta, ta waken suya tana ba da mai lita 446 a shekara, ta kwakwar manja lita 5,950, amma ta gansakuka tana iya ba da lita 58,700, in ma an dace da iri mai maiƙo sosai har lita 136,900. Duk wanda ya ji wannan dole ya zaro ido. Ga shi ba ta bukatar ƙasar noma, an ce ko a ruwan gishiri tana yi. A lokacin kuma gangar ɗanyen mai tana ta hawa, har ta kai dalar Amurka 147 a watan Yuli na 2008. Sai masu kuɗi suka yi caa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗancan manyan lambobi daga kwalaben ɗakin bincike aka auna su, aka ninka a takarda. Kuma kafin nan an riga an gwada a fili. Gwamnatin Amurka ta yi shiri na musamman daga 1978 zuwa 1996, ta kashe kimanin dala miliyan 25 (dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba). Masu binciken sun tattara iri kusan 3,000, suka tace suka bar kimanin 300, suka haƙa kududdufan gwaji a garin Roswell, cikin hamadar jihar New Mexico. A rana mai kyau abin ya yi yabanya. Amma da aka haɗa shekara gaba ɗaya, da sanyinta da zafinta, abin da aka samu bai wuce giram 10 a kowace murabba'in mita a rana ba. Aka rufe shirin, saboda man fetur ya yi araha kuma nasu ya yi tsada.

Zagaye na biyu ya fi na farko kuɗi nesa ba kusa ba. Kamfanin Shell ya shiga a 2007 da gonar gwaji a tsibirin Hawai, ya fita a farkon 2011. A watan Janairu na 2009 wani jirgin sama na kamfanin Continental ya tashi daga birnin Houston da gaurayen mai, aka yi ta yayatawa cewa jirgi ya tashi da gansakuka, alhali kasonta a cikin gaurayen bai wuce biyu da rabi cikin 100 ba, kuma a inji ɗaya. A ƙarshen 2011 sojojin ruwan Amurka suka sayi galan 450,000 na man tsirrai, wani daga gansakuka wani daga tsohon man suya, a kan dala miliyan 12. In aka raba, lita ɗaya ta haura jika 3 na kuɗinmu. Kamfanin da ya kawo na gansakukar, Solazyme, ba ma da rana yake kiwonta ba, sukari yake ba ta cikin manyan tankunan ƙarfe. Daga baya ya bar maganar mai ya koma man shafawa da man girki da abincin kifi, ya sake suna, a 2017 ya karye.

Wanda ya fi kowa daɗewa shi ne ExxonMobil, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin mai na duniya. Ya shiga a 2009, ya kashe sama da dala miliyan 350, wato kusan miliyar 200 na sefa. Ya yi ta talla a talabijin, ya ce nan da 2025 zai iya fitar da ganga 10,000 a rana, rabin abin da matatarmu ta SORAZ ke tacewa ke nan. Masu bincikensa ma sun yi wani abin a zo a gani a 2017, sun taɓa ƙwayar halittar wani iri har man da ke jikinsa ya ninka, daga kashi 20 zuwa 40. Duk da haka a farkon 2023 labari ya fito cewa kamfanin ya janye hannunsa. Kamfanin da ke da kuɗi, da injiniyoyi, da matatu nasa na kansa. In gemun wannan ya kama wuta, mai jika 500 ya kamata ya shafa wa nasa ruwa.

Yanzu ina matsalar take? Nan ne ya kamata mu daɗe, don nan ne maganar ta shafe mu.

Ta farko, koren ruwan nan da kuke gani a bidiyo, kusan duka ruwa ne. A lita ɗaya ta kududdufi, busasshiyar gansakukar da ke ciki kamar rabin giram ce. Mu yi lissafi tare. In kashi 30 cikin 100 na nauyinta mai ne, kana bukatar kilo 3 kafin ka samu lita ɗaya. Kilo 3 kuwa sai ka tace ruwa lita 6,000, tano 30 ke nan. Kuma ba a tace ta da rariya ko ƙyalle, ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta, wucewa za su yi. Sai da sinadarin da ke dunƙule su, ko injin da ke juyawa da gudun tsiya yana shan kuran. Bayan nan a busar, a fasa ƙwayar, a ciro man. A gwaje-gwaje da yawa, ƙarfin wutar da aka kashe kafin a samu litar ya kusa kai wanda litar za ta bayar, wani lokaci ma ya wuce. Kamar mutum ne ya ƙona buhun gawayi don ya samu buhun gawayi.

Ta biyu, halin gansakukar kanta. In ka ba ta taki ta ƙoshi, tana hayayyafa da sauri amma ba ta tara mai. In ka hana ta taki, tana tara mai amma ta daina hayayyafa. Masu kiwon rago sun saba da cewa ƙoshi ke kawo kitse. Ita nata a juye yake, kuma wannan ne ya ba masana wuya shekara da shekaru.

Ta uku, kududdufin a buɗe yake. Irin da aka zaɓa don maiƙonsa ba lalle ne ya fi ƙarfi ba. Iska tana kawo wasu irin na daji su mamaye shi, ƙananan ƙwarin ruwa su cinye shi, cuta ta shiga, cikin kwana biyu ko uku koren ruwa ya koma ruwan ƙasa. Ku ƙara da ƙurar hunturu da ke rufe mana rana, da zafin watan Afrilu da ke haura maki 40, wanda yawancin irin ba sa jurewa. Ana iya rufe ta cikin bututun gilashi ko na roba don a kare ta, amma nan kuma kuɗin gini ya ninka sau da yawa.

Sai babbar magana, ruwa. Masu tallar abin suna cewa Nijar ta dace, ga rana, ga fili. Gaskiya ne muna da rana, muna da fili. Amma ranar da ke ciyar da gansakuka ita ce ke shanye ruwan. A yankinmu, ruwan da ke tsaye a buɗe yana rasa kamar mita 2 na zurfinsa a shekara, wani wuri fiye, alhali ruwan saman da ke sauka a Maraɗi kamar rabin mita ne, a Damagaram da Tawa bai ma kai haka ba. Kowa ya ga yadda tabki ke ja da baya daga kaka zuwa bazara ya san wannan ba sai an gaya masa ba. Kududdufi mai faɗin eka ɗaya zai rasa ruwa mita kib 20,000 a shekara, lita miliyan 20 ke nan, kuma dole a mayar masa. In aka samu amfanin da aka samu a Roswell, tan 36 a shekara, aka ce kwata ɗinsa mai ne, za a tashi da lita 10,000. Raba ka gani: kowace litar mai ta sha ruwa lita 2,000, tano 10. Wannan lissafinmu ne na kan tebur, amma bai saɓa da na manya ba. Majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto a 2012 inda ta ce, gwargwadon hanyar da aka bi, lita ɗaya tana iya cin ruwa daga lita 3 har zuwa lita 3,650, ta kuma ce ko kashi 5 cikin 100 na man da motocin Amurka ke sha aka ce za a samar ta wannan hanya, ruwa da taki da wutar da za a ci sun fi ƙarfin a ɗore.

Ruwan nan lita miliyan 20, manomin albasa na Galmi ko na Madawa zai shayar da eka biyu zuwa uku da shi har ya kwashe. Makiyayi kuma ya san garke nawa zai sha. A ƙasar da ake samun rikici tsakanin manomi da makiyayi a kan mashaya, duk wanda ya zo da shirin da zai sha ruwan tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, ko na Gidimuni, ya kamata ya fara gaya wa mutane wa zai haƙura da nasa kason.

Za a ce ai da ruwan gishiri ake yi. To, mu ba mu da teku, daga Yamai zuwa Kwatano kilomita kusan 1,000 ne. Muna da ruwan kanwa da na gishiri a wasu wurare, kamar kwarurrukan Manga da dallol, amma shi ma in rana ta sha, gishirin ne ke ƙaruwa har ya kashe abin da ke ciki, sai an riƙa sirka shi.

Ga kuma taki. Tan ɗaya na busasshiyar gansakuka yana cin abin da ya kai buhu biyu zuwa uku na takin ure, ban da fosfat. Ana iya maido da wani kaso daga tunkuzar da ta rage bayan an tatse man, amma ba duka ba. Manomin da ya sha wuya kafin ya samu buhu ɗaya na gonar hatsinsa ya san abin da wannan ke nufi. Iskar karbon ma, wadda ke cikin sararin sama ba ta isa, kilo ɗaya na gansakuka yana bukatar kusan kilo biyu. Dole a kafa gonar kusa da inda hayaƙi ke fita da yawa. A ƙasar nan wuraren ƙidayayyu ne: matatar SORAZ, kamfanin siminti na Malbaza, tashar gawayi ta SONICHAR can wajen Agadas. Ba a bayan garin kowa ba. Saboda haka in an ce da kai za a yi wannan a gonar mahaifinka, tambaya ta farko ita ce ina hayaƙin zai fito.

Yanzu mu dubi kasuwar da man zai shiga. Mun san abin da ya sa maganar ke shiga ran mutane. Ba mu manta watan Maris na 2025 ba, lokacin da layukan motoci da na ƴan kabu-kabu suka cika gidajen mai daga Yamai har Damagaram. Amma a lura, abin da ya yi ƙaranci a lokacin esans ne. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, man ruwa-ruwa da ke shigowa ta iyaka ya daina araha, jama'a suka koma gidajen mai, bukata ta fi abin da matatar ke fitarwa. Biyodizal kuwa ba ya maye esans. Ba ya shiga babur, ba ya shiga ƙaramin injin ban ruwa na garka. Wurinsa manyan motoci, da tarakta, da injin niƙa, da manyan gurup.

Gazuwal kuma shi ne abin da muka fi wadata da shi. Matatar SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, tana aiki tun watan Nuwamba na 2011, tana tace ganga 20,000 a rana daga rijiyoyin Agadem, kuma gazuwal ɗin da take fitarwa har maƙwabta ake sayar wa. A watan Afrilu na 2024 Nijar ta sa hannu da Mali a kan lita miliyan 150, kowace lita tamma 328, don tashoshin wutarsu. A gida kuwa, bayan ƙarin da aka yi a watan Agusta na 2022 daga tamma 538 zuwa 668, magabata sun sauke shi a watan Yuli na 2024 zuwa tamma 618, wato dala 123 da tamma 3. Wannan shi ne kuɗin da man gansakuka zai yi gogayya da shi. Ekar da muka lissafa, mai lita 10,000, in an sayar da duka a wannan farashi ba ta wuce miliyan 6 da ɗan kai ba a shekara, kafin a cire kuɗin siminti ko leda, da inji, da kuran, da taki, da metanol da za a shigo da shi daga waje, da albashin ma'aikata.

Ba muna cewa gazuwal yana da araha ga mai injin niƙa na ƙauye ba. Kafin bido ya iso inda ba gidan mai, kuɗin ya ƙaru, kuma matan da ke kai niƙa su ke biya. Ba kuma muna cewa man Agadem ba zai ƙare wata rana ba. Amma mun ga abin da ya kawo sauƙi da idonmu, kuma ba daga kududdufi ya fito ba. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan 26 ga Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024, farantan hasken rana ne suka rufa wa mutane da yawa asiri, daga tashar Gorou Banda mai megawat 30 zuwa ɗan pano da ke kan rufin shago. Tashar Malbaza mai megawat 7 tana nan tun 2018. Pano yana mai da kusan kashi 20 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa ya zama wuta. Gansakuka a fili, in ta yi ƙoƙari, kashi 2 ko 3 take kamawa, kuma shi pano ba ya shan ruwa sai na goge ƙura.

Akwai wani abin da ya sa muke ɗari-ɗari, kuma manya za su tuna. Wajen 2007 da 2008 haka aka yi ta yayata bi-ni-da-zugu. Aka ce yana yi a ƙasar da ba ta noma, ba ya son ruwa, ƴaƴansa gazuwal ne. Aka shuka shi daga Mali har Mozambik. Ashe yana rayuwa a busasshiyar ƙasa, amma ba ya ƴaƴan kirki sai da ruwa da taki. A Tanzaniya wani kamfanin Ingila mai suna Sun Biofuels ya karɓi fili kimanin eka 8,000 na ƙauyuka 11 a gundumar Kisarawe, a 2011 ya karye, ma'aikata suka rasa aiki, filin kuma bai koma hannun masu shi ba. Inda abin ya ɗan yi amfani shi ne inda aka yi shi ƙarami, kamar garin Garalo na Mali, da manoma suka shuka shi aka tada injin wutar gari da mansa. Shi bi-ni-da-zugu ma ko ba komai kana iya matse shi da ƙaramin inji a ƙauye. Gansakuka ba ta ba da wannan dama.

Duk da haka kada a ce mun yar da gansakuka gaba ɗaya. Maƙwabtanmu sun riga Turawa sanin darajarta. A yankin Kanem na Chadi, gabas da tabkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata irin daga tabkunan kanwa. Suna zuba ta a ramin yashi ruwan ya tsane, rana ta busar, su yanka ta gutsure-gutsure su kai kasuwa, a yi miya da ita. Suna kiranta dihe. Wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan ta a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a 1964, daga nan duniya ta waye da ita da sunan sifirulin. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta sinadarin gina jiki ne, ga ƙarfen da ke ƙara jini. Tana son zafi, tana son ruwan kanwa, kuma kanwar ce ke kare ta daga sauran irin da ke mamaye kududdufi. Zare-zare take, shi ya sa ake tace ta da ƙyalle ba sai da inji ba. Akwai gonakinta a Kudugu ta Burkina Faso, ana kuma ƙara ta cikin abincin yaran da tamowa ta kama. Abin dariyar shi ne, ita wannan da ta dace da ƙasarmu ba ta da mai, maiƙonta bai wuce kashi 6 zuwa 8 ba. Ba ta gazuwal. Amma giram-giram ake sayar da ita, ba lita-lita ba, kuma ɗan kududdufi mai faɗin ɗaki biyu ya isa a fara. Kusan duk kamfanonin da suka tsira daga faɗuwar man gansakuka nan suka koma: abinci, abincin kifi da kaji, magani, man shafawa. Ko kamfanin Euglena na Japan, da ya sa motocin safa suka yi yawo da mansa, mafi yawan abin da ke cikin man tsohon man suya ne, kuɗinsa kuma daga kayan abinci da na kwalliya yake samu.

Hanya ta biyu da ke da ma'ana ita ce dattin ruwan birni. A garin Chiclana na ƙasar Sifen an yi kiwon gansakuka a ruwan masai da na kwata. Ita ta cinye dattin, taki ya zo kyauta ke nan, ruwan ya fita da tsabta, ita kuma a ruɓar da ita a samu iskar gas da motoci ke sha. A nan tsabtace ruwan shi ne aikin, gas ɗin gyara ne. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Gountou Yena a Yamai ya ga abin da ke gangarawa cikin kogin Isa ya san muna da kayan aikin. Wannan aikin magajin gari ne da jami'o'inmu, ta Abdou Moumouni, ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ta André Salifou a Damagaram. In ɗalibanmu suna binciken irin da ke cikin tabkunanmu, a ƙarfafa musu, a ba su kayan aiki. Kuɗin bincike daban, kuɗin ɗan ci-rani da ya tara da guminsa daban.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe, saboda mun san halinmu: kada wani ya ji mun yabi dihe ya je ya kwaso koren da ke kan tabkin garinsu ya sa a miya, ko ya ba dabba. Wasu irin suna da dafin da ke lalata hanta, kuma ido ba ya bambanta su. A 2020 hukumomin Botswana sun ce dafin irin wannan gansakuka ne ya kashe giwaye sama da 300. In tabki ya yi kore shar kamar an zuba fenti, yana wari, a nisanta yara da bisashe, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Ɗan uwanmu na Abijan mun mayar masa da amsa. Mun ce ya tambayi masu shirin su nuna masa wuri ɗaya a duniya, ɗaya tak, inda ake sayar da gazuwal ɗin gansakuka zalla a gidan mai ba da tallafin gwamnati ba. Ya tambaye su rijiya nawa za su haƙa, kuma takardar hayar gonar shekara nawa ce, wa zai cire siminti da leda in sun tashi. Mun ce kada tsoho ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan kowace takarda sai a gaban mai gari da hukumar kula da filaye ta komin ɗinsu. Ya ce ya tura musu tambayoyin tun ranar Talata, an karanta saƙon, ba a amsa ba tukuna. Ya kuma tambaye mu nawa pano da famfon rijiyar garka suke yanzu a kasuwar Maraɗi. Wannan za mu zagaya mu jiyo, mu kawo muku a shiri na gaba, kuma layinmu a buɗe yake ga duk wanda aka yi wa irin wannan tayi a garinsu.